Gashina na zuba tun da na haihu, man rosmeri kuma ya ƙona min kai

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 26, wata biyar ke nan da haihuwata ta fari. Tun da muka shiga wata na uku gashina yake zuba. In na taje kai sai matajin ya cika, gaban goshina kuwa duk ya ja baya, har maigida yana tsokanata wai na fara bin sahunsa, don shi sanƙo gare shi. Ina dariya a gabansa, amma abin yana min ciwo. Na ga ana ta tallar man rosmeri a TikTok, na sayi ƙaramar kwalba, ina ɗiga shi a fatar kai safe da dare. Sati biyu ke nan, yanzu kan yana raɗaɗi da ƙaiƙayi, har ya fara saɓa. Mai sayarwar ta ce alamar yana aiki ne. Ta kuma sayar min da busasshen ganyen, ina dafawa ina shan kofi uku a rana, ga shi ina shayarwa. Na aika wa Hajiyarmu ma, tana da hawan jini, yanzu ta ce tun da ta fara sha kanta ya daina ciwo, za ta ajiye ƙwayoyin asibiti. Anti, ganyen nan magani ne da gaske, ko kuɗina kawai aka ci?

Mai jego daga Zariya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Barka da sauka lafiya, Allah Ya raya abin da aka samu, Ya yi masa albarka.

Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, ɗauki waya ki kira Hajiya, don maganarta ta fi ta gashinki gaggawa. Kada ta ajiye ƙwaya ko ɗaya. Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai zauna garau, kai ba ya ciwo, yana harkokinsa, jinin kuwa yana can sama yana cin ƙoda da zuciya a ɓoye, sai ranar da aka wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Ciwon kai ya daina, alhamdu lillahi, amma abin awo ne kaɗai zai faɗi inda jinin yake. Kuma ga abin da mai sayarwar ba ta gaya miki ba: Turawan da suka gaji ganyen nan kaka da kakanni ba da saukar da jini suka san shi ba. Masu yawan kasala da jiri, waɗanda jininsu ke zama ƙasa-ƙasa, su aka saba ba shi. A 2014 wasu masu bincike a Sifen sun gwada tataccen mansa a kan mutum 32 masu irin wannan matsala, suka ga awon jininsu ya ɗaga. Binciken ƙarami ne, ba kuma ina cewa kofin shayi ɗaya zai hau da jinin Hajiya ba ne. Ina dai nuna miki cewa inda aka nufa da shi daban, inda take son kai shi daban. In kuma cikin ƙwayoyinta akwai asfirin, ko wani maganin tsinka jini, ko wadda ke sa yawan fitsari, to sai likitanta ya san tana shan ganyen kullum.

Na san iyayenmu ba a faɗa musu magana gatsau. Tunda ke kika aika mata, ke ce ya fi sauƙi ki janye. Ki ce, "Hajiya, na ƙara tambaya, an ce ganyen nan ba ya tsayawa a madadin na asibiti, ki ci gaba da ƙwayarki, ranar awo kuma ki tafi da shi ki nuna musu." Ki sa wani cikin yayyenki ya kai ta a auna a satin nan. Lambar da ta fito ita za ta yi miki sauran bayanin.

To, mu dawo kanki. Ki rufe kwalbar nan yau. Raɗaɗi da saɓar fata ƙuna ce, kuma wadda ta ce miki aiki yake yi, ko dai ba ta san abin da take sayarwa ba, ko ba ta so ki mayar mata da kaya. Ki wanke kan da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ki bar shi ya sha iska, in ya bushe da yawa ki ɗan shafa man kaɗe zalla. Sati biyu kada ki ɗora masa komai, ba rilaksa, ba kitso, ba lalle. In ya fara tsatsafo da ruwa, ko ƙuraje masu mugunya suka fito, ko kumburi ya sauko goshi da ido, wannan ya wuce na gida, sai asibiti.

Abin da ya same ki ya samu mata da yawa, saboda mai iri biyu ne ke yawo da suna ɗaya. Akwai wanda ake jiƙa busasshen ganyen cikin man zaitun ko na kwakwa na wasu makonni a tace. Wannan mai sauƙi ne, kusan dukansa man zaitun ne da ya ɗauki ƙamshin ganye. Akwai kuma tatacce, wanda ake turara ganyen da tururi a tattara abin da ya tashi. Shi ne ake zubawa a 'yar kwalba mai duhu mai bakin ɗigo, kuma daga bayaninki shi kika saya. Ganye kilo 100 da ƙyar yake ba da kilo 1 ko 2 na wannan mai, kin ga ɗigo ɗaya ba abin wasa ba ne. A cikinsa akwai kafur, wanda kika sani, da wani sinadari da ake kira siniyol, mai shiga hanci irin na man zafin da ake shafawa lokacin mura. Ba a ɗora shi a fata tsagwaronsa. Ɗigo 3 zuwa 5 ake sawa a babban cokali ɗaya na man kwakwa ko na zaitun, a fara gwadawa a cikin damtse, a jira kwana ɗaya a ga ko fatar za ta karɓa. Ke kuwa kin yi sati biyu kina zuba shi zalla sau biyu a rana. Garin gyaran gira kin kusa rasa ido.

Wani abu ya fi ƙunar ma tayar min da hankali, shi ne jaririn. Yana goye a bayanki fuskarsa na gogar wuyanki, yana kwana a kan shimfiɗarki, hannun da kika shafa kai da shi shi kike ɗaukarsa da shi. Kafur da siniyol ba a kai su kusa da hancin jariri, suna iya taɓa masa numfashi, kuma in yaro ya haɗiyi man, ko kaɗan ne, yana iya jawo jijjiga. Mai farfaɗiya ma ana hana shi. Ki wanke ɗankwalayen da rigar matashin, kwalbar kuma ki ɗaga ta inda hannun yaro ba zai kai ba, don nan da wata biyu zai fara rarrafe.

Yanzu tambayarki, magani ne ko an ci kuɗinki? Ganyen na gaske ne, kuma yana da amfani, kaya ne dai aka ɗora masa da suka fi ƙarfinsa. Ɗan ƙaramin itace ne na gaɓar Bahar Rum, ganyensa sirara kamar allura, dangin na'ana'a da ɗoɗɗoya. Sunansa daga Latin yake, ma'anarsa raɓar teku. Larabawa na ce masa iklilul jabal, wato kambin dutse, Misirawa su ce hasalban, a Maroko kuma azir, inda yake fitowa da kansa a kan tsaunuka, kuma Maroko da Tunisiya da Sifen su ne kan gaba wajen tatar mansa. Ba shi da sunan Hausa don ba tsiron ƙasarmu ba ne, saboda haka duk wanda ya miƙo miki wani ganye ya ce ai shi ne rosmerin Hausa, ki bar masa kayansa. Haka kuma ganin sunan Larabci a jikin roba a shagon magungunan Musulunci bai sa ya hau matsayin zuma da habbatus sauda ba. Sunan garinsu ne kawai.

Duk hayaniyar da kike gani a waya kan gashi, tushenta bincike ɗaya ne da aka buga a 2015, wanda aka yi a Iran. An ɗauki mutum 100 masu sanƙon gado, aka raba su biyu. Rabi suna shafa man rosmeri, rabi suna shafa minoksidil mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, wato maganin tsiro da gashi da likitoci ke rubutawa. Bayan wata uku aka ƙirga gashin, babu abin da ya canza a ɓangarorin biyu. Sai a wata na shida aka ga ƙari, kusan iri ɗaya a nan da can, kuma masu minoksidil sun fi kukan ƙaiƙayi. Daga nan 'yan talla suka ɗauko maganar cewa rosmeri ya yi kunnen doki da maganin asibiti. Abin da suke tsallakewa shi ne, ƙarin da aka samu ɗan kaɗan ne, ba irin gashin da ake nuna miki yana sauka gadon baya ba. Minoksidil ɗin da aka gwada shi da shi mai rauni ne, don wanda aka fi ba maza mai kashi 5 ne. Ba a ware wasu da aka ba man banza don a ga ko tausar kan kaɗai ta isa ta kawo wannan ƙari ba. Uwa uba, sanƙon gado aka gwada, irin na maigidanki, ba zubar gashin jego ba. Akwai wani da ya riga shi, a Aberdeen ta Sikotlan a 1998, kan masu cutar nan da gashi ke cirewa fage-fage kamar an ɗora kwabo. Mutum 86 ne, aka yi wata bakwai, kashi 44 cikin 100 na masu shafa man ganyaye sun samu sauƙi, waɗanda aka ba mai zalla kuwa kashi 15. Amma ganye huɗu aka haɗa a man, rosmeri ɗaya ne daga ciki, ba yadda za a ce shi ya yi aikin. Ruwan ganyen da ake dafawa a fesa kuwa, ba shi aka gwada a ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Ina ganin a nan aka bar jaki ana dukan taiki. Gashinki bai rasa rosmeri ba, haihuwa kika yi.

Kowane silin gashi yana da lokacinsa. Yana yin shekara biyu zuwa shida yana tsawo, sai ya huta kamar wata uku, ya faɗi, sabo ya biyo ta ramin. A kowace rana mai lafiya na zubar da sili 50 zuwa 100 ba tare da ya lura ba. Da ciki ya shiga, sinadaran jikin mace sukan riƙe gashin da ya kamata ya faɗi, shi ya sa za ki ji ana cewa cikin nan ya karɓi wance, dubi kanta. Ki tuna da kyau, ina kyautata zaton naki ma ya cika a watannin ƙarshe. Ana sauka sinadaran nan suka faɗi ƙasa, sai duk gashin da aka riƙe wata tara ya shiga hutu lokaci ɗaya, bayan wata biyu zuwa huɗu ya zubo tare, kamar bishiyar da ta riƙe ganyenta har hunturu ya buso. Kin ce a wata na uku ya fara. Daidai lokacinsa ke nan. Ba nonon da kike bayarwa ne ke shanye shi ba, ba baki ba ne, ba kuma hannun mai kitso ne bai karɓe ki ba. Yawanci zubar kan lafa daga wata na shida, kuma kafin yaro ya shekara kan ya koma kusan yadda yake. Sai dai gashi santimita ɗaya yake yi a wata, don haka abin da za ki fara gani ƙananan gashi ne tsaitsaye a gaban goshi kamar sabon tsiron gero. Su ne albishir ɗinki.

Ki lura da wannan, don nan ne cinikin yake. Da kin daure kin ci gaba da shafa man har yaro ya kai wata goma, gashin zai dawo don lokacinsa ya yi, ke kuma ki ɗauki hoto ki aika mata da godiya, ita ta ɗora a shafinta wasu goma su saya. Da yawa daga hotunan "kafin" da "bayan" da kike gani haka aka same su.

Gaban goshin ne nake so mu ɗan zauna a kai, don shi ne wurin da zubar jego kan haɗu da wata matsala da ba ta warkewa da kanta. Ba ki faɗa min irin kitson da kike yi ba, amma na san al'adarmu. Kitson suna, ƙanana-ƙanana, a tsinto har gashin da bai isa kamu ba. Kitson arba'in. Kitson komawa ɗaki, wanda ake so ya ɗauki ido. Kowanne a ja shi har gira ta ɗaga, mace ta kwana biyu ba ta iya sujada da kyau sai da farasitamol, kuma a ce ai haka yake yin kyau ya daɗe. Ja da ake yi wa saiwar gashi shekara da shekaru shi ke cinye gaban goshi da gefen kunne. A wani bincike da likitocin fata suka yi a wata unguwar baƙaƙen fata ta Kef Tawun a Afirka ta Kudu, kusan mace ɗaya cikin uku tana da wannan matsala, kuma ta fi tsanani ga wadda ta sa rilaksa sannan aka ɗora mata kitso mai ja. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne: kitso mai zafi, ƙananan ƙuraje a bakin layi, da ɗan siririn gashi da ke saura a can gaba alhali bayansa ya zama fili. In an sassauta da wuri yana dawowa. In aka ci gaba, saiwar takan mutu, fatar ta yi santsi tana sheƙi, daga nan babu man da zai tsiro da komai, ko daga wace ƙasa aka kawo shi.

Ni kaina a haihuwata ta biyu na yi wannan wautar. Wata mai kitso da ake yabo a unguwarmu ta yi min shuku ranar jajibirin suna, ina hawaye tana cewa in daure. Ya yi kyau a hoto kam. Gefen hagu na goshina har yau bai cika kamar na dama ba, yaron kuwa ya gama sakandare.

Saboda haka in kan ya warke, ki koma manyan kalaba, huɗu ko shida, sako-sako, a bar gashin gaba ya huta. In kitso ya yi zafi a tsefe shi a ranar, kuɗin da kika biya bai kai goshinki ba. Ki riƙa sauya inda ake tsaga. Ki duba ƙullin ɗankwalinki da hular da kike sawa ƙarƙashin hijabi, in suna barin shaida a goshi sun matse da yawa. Rilaksa kuma a ɗaga mata ƙafa har zubar ta tsaya. Ki taje da babban mataji, daga baki zuwa tushe, gashin na da ɗan laushi. Karkashin da kakanninmu ke wanke kai da shi yana warware gashi ba tare da fizga ba, kuma na fi yarda da shi a kanki yanzu fiye da abin da ke cikin kwalbar nan.

Sai maganar jini. Haihuwa na tafiya da jini, shayarwa na neman abinci, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki na daga cikin abubuwan da ke sa zubar gashi ta ƙi tsayawa. In kina jin jiri in kin miƙe, ko haki a ɗan aiki kaɗan, ko sha'awar cin ƙasa da farar ƙasa da ƙanƙara, ki je a duba PCV ɗinki, wato awon yawan jini, ki kuma roƙi a auna feritin, wato ma'ajiyar ƙarfen jiki, don PCV na iya fitowa daidai alhali rumbun ya kusa ƙarewa. Ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ki bayan haihuwa, kin shanye su ko suna cikin durowa? Ki dage da hanta, nama, kifi, ƙwai, wake, zogale da alayyahu, ki bi da lemo ko gwaba. Akwai kuma ƙullin da ke gaban wuya da likitoci ke kira tayroid, wanda in ya kumbura ake ce masa maƙoƙo, yana rikicewa a kamar mace 1 cikin 20 a shekarar farko bayan haihuwa. In zubar ta zo da faɗuwar gaba da rama da zufa, ko kuma da kasala da jin sanyi da ƙiba ba dalili, ko ta zarce shekara, ko gashin yana cirewa fage-fage, ki nemi likitan fata.

Wannan ya kawo mu kan kofi ukun da kike sha. Ki dakata da su. Hukumar Magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shayin rosmeri a matsayin maganin gargajiya na ɓacin ciki, wato kumburi da cushewa da ɗan murɗa bayan cin abinci, ta kuma yarda a shafa mansa da aka sirka ko a yi wanka da ganyen don ƙananan ciwon gaɓoɓi da tsamin jiki. Hujjarta ita ce an daɗe ana amfani da shi haka, ba wai an yi manyan gwaje-gwaje ba. Ma'aunin da ta bayar giram 1 zuwa 2 ne na busasshen ganye, kamar ƙaramin cokali, a zuba masa tafasasshen ruwa a rufe, sau biyu ko uku a rana, kuma in ciwon ya wuce sati biyu a ga likita. Amma ta cire mai ciki da mai shayarwa, ta cire yara ƙanana, ta cire mai tsakuwar matsarmama da mai ciwon hanta. Ke kina cikin waɗanda aka cire. Mai ciki ma ta fi ki buƙatar jin wannan, don tun da can an san ganyen da tsinko jinin al'ada in an sha da yawa. Ƙari a kan haka, wani bincike da aka buga a 2001 ya nuna sinadaran rosmeri na rage yawan ƙarfen da hanji ke tsotsa daga abinci, kamar yadda ganyen shayi ke yi. Raguwar ba ta da yawa, amma mai jegon da ke neman jini ba ta da rarar da za ta bayar.

Kada ki zubar da ganyen dai. Ki kai shi kicin, can ne gidansa, kuma ɗan abin da ake barbaɗawa a girki ba ya cutar da mai ciki ko mai shayarwa. Yana tafiya da naman rago, da gasasshiyar kaza, da kifi, da dankalin Turawa. Ki murje shi da tafarnuwa da citta da ɗan mai ki shafe naman, ki bar shi ya kwana in da hali. Kaɗan ake sawa, don in ya yi yawa sai ya danne kori da tayim da duk abin da ke tukunyar, ya bar ɗaci. A miyar kuka kuwa kada ki soma. A nan amfaninsa tabbatacce ne. Sinadaran da ke cikinsa suna hana kitse saurin lalacewa, shi ya sa tun 2010 Tarayyar Turai ta yarda kamfanonin abinci su riƙa sa shi don adana nama da mai, za ki gan shi a jikin kaya da lamba E392. Masu bincike a Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka kuma sun nuna cewa sa shi a nama kafin gashi na rage wasu miyagun sinadarai da wuta mai ƙarfi ke haifarwa a jikin nama. Ga mutanen da ba sa wasa da tsire da balangu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Za ki ji ana cewa yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Maganar tsohuwa ce, tun zamanin Girkawa ake danganta shi da tunawa, kuma a Jami'ar Northumbria ta Ingila an yi gwaje-gwajen da waɗanda suka zauna a ɗaki mai ƙamshinsa suka ɗan fi sauran a jarrabawar tuna abu. Wanda ya fi burge ni shi ne na 2012 a Amurka, kan dattawa 28. Da aka ba su miligiram 750 na garin ganyen saurin tunawarsu ya ƙaru, da aka kai miligiram 6,000 sai ya ragu. Ki riƙe wannan duk lokacin da aka ce miki ki ƙara yawan abu don ya fi aiki. Ciwon suga da daji da ake lissafawa a talla kuwa, yawancin abin da ake dogara da shi gwaji ne a kwalaben ɗakin bincike da jikin ɓeraye. Ko lambar NAFDAC da kike gani a jikin maganin gargajiya, shaida ce cewa an duba ba guba ba ne, ba shaida ce cewa yana warkar da jerin cututtukan da aka rubuta ba. Ki karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, su da kansu suna faɗa.

In yaro ya yi wayo, kan ya warke sarai, kuma har yanzu ranki na son gwadawa, ba zan hana ki ba. Ki sirka shi yadda na faɗa, sau biyu ko uku a sati, ki tausa fatar da tafin yatsu na 'yan mintuna, ki wanke hannu. Kada ki cika kan da mai har yana naso, don amosani da maiƙo yake rayuwa. In ruwan ganyen kike so ki fesa, ki dafa kaɗan-kaɗan, don da zafin garinmu da halin wutar lantarki kwana biyu ya isa ya fara tsami. Minoksidil kuma kada ki saya a kemis da kanki muddin kina shayarwa.

Saura maigida. Na ga yadda kika saka maganar a tsakiyar wasiƙa kamar ba komai ba, alhali ina jin ita ta kai ki sayen kwalbar. Maza da yawa ba su san nauyin gashi a wurin mace ba, musamman wadda jikinta duk ya sauya mata a 'yan watanni, ga rashin barci, ga madubi kullum yana ba ta sabon labari. Shi a ganinsa raha yake yi, kuma tunda kina dariya ya ɗauka kina jin daɗi. Ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi, yaro ya yi barci, ki ce masa, "Abban wane, wasan nan na gashi yana sosa min rai, ɗanka ne ya jawo min, kuma an ce zai dawo." Ba sai da fushi ba. Mai hankali sau ɗaya ake gaya masa, kuma daga nan kin samu mai biyan kuɗin gwajin jini.

In ya ba da haƙuri, sai ki ɗauko kwalbar ki miƙa masa, tunda a kan masu irin kansa aka yi binciken. Ɗigo biyar a cokalin man zaitun, kullum, wata shida babu fashi, kuma ya wanke hannu kafin ya ɗauki yaro. Kafin nasa ya leƙo, naki ya isa kalaba.